Kabewar Habila

Ranar Asabar a wurin wani ɗaurin aure a nan Funtua na ji wani yana cewa wai Habila mai fenti, da ya so da ya mutu ya bar gidan bene, taurin kai ne ya cuce shi. Sai da na ajiye goron da ke hannuna. Na ce masa, "Kai, ka san shi ne, ko a bakin mutane ka tsinta?" To ni na san shi. Ni ne Isyaku mai injin buga takardu na bayan tsohuwar tasha, shekara goma sha shida muka yi muna aiki tare, kuma abin nan da ake kira taurin kansa ni na tono shi da hannuna. In za a ba da labarin, a bar ni in bayar.

Habila ɗan wani ƙauye ne can bayan Dayi, a ƙasar Malumfashi. Iyayensa Maguzawa ne, manoma masu bin addinin kakanni. Uban ya rasu yana ƙarami, sai uwar ta riƙe gonar. Tsohuwa sunanta, tun tana goye ake kiranta haka don ta ci sunan kakarta. 'Yan mishan suka ɗauke shi makaranta, a can ya zama Kirista, a can kuma aka gane hannunsa, don malami na rubutu a allo shi yana zana malamin a bayan littafi. Tsohuwa ba ta hana shi ba, ba ta kuma bi shi ba. Ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A shekarar 1973 ya shigo Funtua da keke da akwatin fenti ɗaure a baya. Allon shago, bayan mota, bangon makaranta, hatimin roba na 'yan kwangila, duk yana yi. Amma ba ya aiki a ƙarƙashin kowa. Wani ofishin aikin gona ya taɓa ɗaukarsa mai zane, da albashi da ɗaki, kwana goma sha tara ya yi ya tattara buroshinsa ya fito. Na ce, "Habila, kana da hankali kuwa?" Ya ce, "Malam Isyaku, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya tsaya a kaina yana koya mini yadda ganyen masara yake. Gara in sha rana."

Yadda muka haɗu kuwa, buƙata ce. Ni ina da haruffan darma, ina iya jera maka rasit ko katin biki, amma hoto ko na kaza ban da shi. Shi kuma yana da hoto ba shi da inji. Sai ya samo roba mai kauri, ya manna a kan katako, ya sassaƙa zanen da 'yar wuƙa, a juye, yadda in an shafa tawada aka danna a takarda zai fito daidai. Ni in jera haruffa a gefe, in buga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma a sana'armu akwai ƙa'ida wadda ba a rubuta ba: katakon mai zane a shagon mai inji yake zama, a kan kanta, amma amana ce. Za ka iya goge shi, za ka iya shafa masa mai, ba ka da ikon taɓa shi da ƙarfe.

Aikinsa kashi biyu yake raba shi, na tuwo da na rai. Na tuwo shi ne wanda aka sa shi. Na rai kuwa shi ne wanda babu wanda ya aike shi, kuma shi ke cinye masa rabin mako. Ya taɓa zana dukan ƙwarin da ke cin auduga a takarda ɗaya, muka buga, ya bi kasuwanni yana rabawa. Ya haɗa kai da wani mai hoto a Malumfashi suka yi katunan kasuwar Musawa wai baƙi za su saya, ko ɗaya ba a saya ba, har yau ina da guda biyu. Matarsa Liatu takan ce, "Baban yara, aikin ran nan naka ba ya shiga tukunya." Ya yi dariya ya ce ai tukunyar ba ta taɓa kwana a kife ba. Gaskiyarsa kuma.

Cikin irin wannan aikin ne kalandar ta fito. Ya lura kalandar da ake rabawa a gari ta masu karatu ce, lambobi zalla da hoton wani bene a Ikko. Manomin da bai yi boko ba sai dai ya toshe tagar ɗaki da ita. Sai ya tafi gida ya zauna gaban Tsohuwa kwana uku, tana lissafa masa watannin manoma yadda ta gada: yaushe ake sharar gona, yaushe ake sa ran ruwan shuka, yaushe ake huɗa, yaushe gero ke nuna. Ya dawo ya sassaƙa katako goma sha biyu, kowane wata da nasa, da ƙananan hotuna maimakon rubutu. Fartanya, hadari, damin gero, buhun auduga. Ranakun Salla ya sa jinjirin wata. Ista da Kirsimeti ya sa gicciye. A watan Oktoba kuma ya sa wata 'yar kabewa, ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, don a lokacin ne mutanen su Tsohuwa ke bikin shan kabewa in amfanin gona ya nuna.

Shekara biyu muna buga ɗari biyu-biyu, ni na ba da takarda shi ya ba da zane. Kafin ka ce kwabo sun ƙare. Kabewar nan ni ko a jikina, na buga ta ban ma tsaya kallonta ba.

Ƙarshen 1981 sai ga Alhaji Maitama a ƙofar shagona. Dillalin takin zamani ne da auduga, yana da manyan motoci shida, kuma duk Habila ya yi musu zane. Ya ga kalandar a wani ƙauye, ya ce yana son dubu uku, da sunan shagonsa a ƙasa, zai raba wa manoma kyauta. Dubu uku! Ni da ban taɓa buga abin da ya wuce ɗari biyar ba! Habila kuwa a ranar ya hau keke ya tafi ƙauye, ya faɗa wa uwarsa, "Inna, bana kabewarki za ta shiga gida dubu uku." Tsohuwa ta sa aka kira maƙwabta, ya maimaita a gabansu.

Bayan kwana huɗu Alhaji ya dawo duba gwajin farko. Ya sa tabarau, ya bi wata-wata yana gyaɗa kai, har ya zo Oktoba. Ya ɗora yatsa.

"Wannan fa?"

Habila ya faɗa masa.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "A'a. Sunana ba zai zauna takarda ɗaya da bikin arna ba. Gicciyen ma don ina da masu saye a cikinku na ƙyale. A cire wannan."

"Ranka ya daɗe," in ji Habila, "duk abin da ka gani ka yaba a takardar nan, daga bakin mai kabewar ya fito. Ka ɗauki ruwanta da shukarta da girbinta, ranarta ɗaya ce ta yi maka nauyi?"

"Ni zan biya, ni zan faɗi abin da za a sa."

"To ka biya wanda zai zana maka taka. Wannan tawa ce, kuma ba a yi mata kaciya."

Alhaji ya kaɗa riga ya fita. Ni kuwa kamar in shaƙe Habila. Na ce masa abu kamar farce za ka kashe mana aikin shekara a kansa? Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaure akwatinsa ya ce yana da motar da zai yi wa fenti a Matazu, sai bayan kwana takwas. Ya tafi ya bar katakan a kan kantata, yadda ya saba.

Nan ne inda ba na son zuwa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kashegari Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce ban da kalanda, duk rasit ɗin shagunansa ni zan riƙa bugawa, in dai na gyara abin nan. Na dawo shago na ɗauko katakon Oktoba, na juya shi ya fi sau goma. Na ce wa kaina wa zai lura? Na ce in ya dawo ya ga aiki ya fita zai huce. Na ce ai don mu duka ne. Ƙarya nake, kwaɗayi ne. Na ɗauki aska na yanke kabewar, da rana tsaka, sau ɗaya tak, ta faɗo ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Kwana shida ina buga dubu ukun nan, motocin Alhaji suna kwasa.

Da Habila ya dawo, a tasha ya fara ganin kalandar, a rumfar mai shayi. Ya shigo shagona bai yi sallama ba. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya ɗauki katakon Oktoba ya shafa gurbin da yatsa. Ya ce, "Da wace aska?" Na nuna masa. Ya ce, "Ko wasa ta ba ka yi ba, dubi yadda ka yagi hadarin da ke kusa." Ya kwashe katakansa goma sha biyu ya zuba a buhu. Daga ranar bai sake barin katakonsa ya kwana a shagona ba, har ya koma ga Allah.

Na ɗauka shi ke nan, aikin gama ya gama. Ashe ban san mutumin da na yi shekara takwas ina cin tuwo da shi ba.

Hatimi ya sassaƙa. Ɗan ƙaramin hatimin roba irin na 'yan kwangila, da kabewa a kai, daidai girman wadda na yanke. Ya sayi akushin tawada na ofis, mai ruwan shuɗi da ja-ja, ya sa a aljihu. Daga nan duk inda aiki ya kai shi, da ma inda bai kai shi ba, in ya ga kalandar a bango sai ya yi sallama ya ce, "Maigida, wannan aikina ne, bai kammala ba, na zo in ƙarasa." In an yarda ya ɗaga takardar, ya tokare ta da ɗan allo ta baya, ya hura wa hatimin iska, ya danna a Oktoba. In an hana ya ce a gafarce shi, ya wuce. Bai taɓa bugawa a ɓoye ba, wannan ina so a sani.

Shagon tela, rumfar mahauta, ɗakin shan magani, zauren mai unguwa. Funtua, Malumfashi, Dayi, Musawa, har ƙauyukan da babu hanyar mota. Wasu su yi dariya su ce mahaukacin kabewa ya zo. Wasu su kore shi. Wani manomi Musulmi a kusa da Musawa ya ce masa, "Buga, ɗana. Ni ba na zuwa bikin, amma da gangunansu nake sanin lokacin yankan dawa ya matso."

Labari ya kai wa Alhaji Maitama. Ya tare shi a tashar Funtua a gaban jama'a, ya ce yana ɓata masa kaya. Habila ya ce, "Alhaji, kyauta ka bayar. Abin da ka bayar ya bar hannunka, masu shi nake tambaya." Wani yaron motar Alhaji, ƙato, ya kai masa naushi har leɓe ya fashe. Habila ya tashi ya kakkaɓe wando, ya lalubi aljihu ya tabbata hatimin na nan, ya hau kekensa. Daga ranar aikin fentin motocin Alhaji ya bar hannunsa, da na abokan Alhaji, da allunan rabin shagunan layin kasuwa. Wannan shi ne gidan benen da ake cewa ya rasa.

Kada kuma wani ya ce Musulmi ne kawai suka matsa masa, don na ji masu faɗin haka, kuma ƙarya ce. Dattawan cocinsu ma sun kira shi. Liatu ce ta ba ni labari, tana kuka a ƙofar shagona. Sun ce mai bi ba ya yawo gida-gida yana tallar tsafi. Ya ce musu, "Tun da aka yi mini baftisma ban taka wurin bikin ba, kuma ban ce kowa ya je ba. Amma ranar tana nan, ko na zana ko ban zana ba, kuma uwata tana nan. An ce in girmama uwata, ba a ce sai in ta shigo coci ba." Suka sa shi horo wata shida, a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji. Ya zauna. Kowace Lahadi shi ke fara zuwa, ya zauna a bencin bayan nan ya fi kowa ɗaga murya a waƙa.

Liatu ta ce mini, "Malam Isyaku, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ka faɗa masa ya bari." Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk watannin nan bai je ƙauye ba. Yakan aika wa Tsohuwa gishiri da sabulu, amma ƙafarsa ba ta taka gidan ba, don ya yi magana a gaban maƙwabta, kuma ba zai je ya zauna a gabanta da maganar a karye ba.

Damina ta shigo, hanyoyi suka lalace, keke ba ya shiga. Wata safiya cikin Agusta na gan shi ya dawo daga wajen Dayi yana tura keken, taɓo har gwiwa, ya rame kamar kara. Kunya ta ishe ni. Na fito da babur ɗina na tare shi. Na ce, "Ni na san duk inda motocin Alhaji suka sauke, don ni na ɗaure su dami-dami. Hau."

Ya ce, "Rasit ɗin Alhaji fa?"

Na ce, "Ya kai wa uban wani ya buga masa. Hau, kada ka ɓata mini rai."

Ya hau. Wata biyu muna yi, Talata da Asabar ina rufe shago. Ni ke riƙe masa takardar yana dannawa. Wani liman a wani ƙauye ya dube ni ya ce, "Har da kai, Malam?" Na ce, "Allah gafarta Malam, amana na ci, ita nake biya. In akwai laifi a biyan amana a faɗa mini." Duk da haka bai yarda an buga a tasa ba. Muka yi masa sallama muka wuce.

Shigowar Oktoba Habila ya ce in kai shi gida. Muka isa da hantsi, dawa ta yi kai ta rufe hanya, muka tarar da Tsohuwa a gindin rumbu tana ɓarar wake. 'Yar ƙaramar mace ce, idonta ya fara hazo. Ita ba ta ce masa Habila, Nomau take kiransa, sunan da ta raɗa masa kafin 'yan mishan. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya warware kalandar ya miƙa mata. Ta kai ta dab da hanci, ta bi da yatsa har ta samu wurin.

"Nomau, me ya sa tamu ta karkace? Ga launinta ma daban."

"Inna, sauran inji ne ya ɗauko su. Tamu da ƙafa ta zo."

Ta juyo wajena. "Kai ne mai injin?"

Na ce, "Ni ne, Inna." Na sunkuyar da kai ina jira. Ashe duk ta ji, 'yan kasuwar Dayi sun kai mata tun da bazara, har da maganar leɓen. Ba ta zage ni ba. Ta ce a kawo mini ruwa, ta koma kan ɗanta.

"Gida nawa ta shiga?"

Ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari shida da 'yan kai. Ban cika miki ba, Inna. Wasu sun hana, wasu an kai su nesa, can wajen Zariya da Gusau."

"Waɗanda suka hana a bar su da halinsu," in ji ta. "Na nesan, hanya ce ta ƙare ko ƙafar ce ta gutsure?"

"Ko ɗaya."

Ta naɗe kalandar ta tura ƙarƙashin cinya, ta jawo ƙwaryar wakenta. "To me kake yi a zaune a nan? Saura kwana tara biki."

Habila ya dube ni, hawaye na zuba yana dariya. Ko ruwan ban gama sha ba na tashi na je na buga babur.